Yadda ake shirya kiwon awaki da tumaki domin fitar da nama waje daga Kano

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, kuma aka ji kamfanin nama na JBS daga Brazil ya sa hannu a yarjejeniyar zuba dala biliyan 2.5 a Najeriya, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: “Malam, ina da turke, ina da ɗan jari, ta ina zan fara in har ina son namana ya haye jirgi?” Wasu kuma sun ji ana cewa dabbar da aka kyautata wa ta fi kuɗi a waje, suna son sanin ko gaskiya ne.

Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Maganar ta yi ƙarfi a kan naman alade a ƙasashen Turawa. Birtaniya ta hana tsare aladu masu ciki a ƙunƙuntaccen keji tun 1999, Tarayyar Turai ta taƙaita hakan daga 2013, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta hana sayar da naman da bai cika ƙa'idarta ba ko da daga wata jihar aka kawo shi, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar a 2023. Alade ba sana'armu ba ce, amma tambayar da ake yi a kansa yanzu ta biyo rago da akuya da sa: ina aka kiwata, me ta ci, yaya aka ɗauko ta, yaya aka yanka. Mai saye ba zai biya ka don ka ce kana tausayin dabba ba. Zai biya ne in ka nuna masa a rubuce. Ga yadda aikin yake bi da bi.

1. Fara da ƙasar da za ta karɓa

Kuskuren da ya fi cinye jari shi ne mutum ya cika garke tukuna sannan ya shiga neman mai saye. Nama ba riɗi ba ne da za ka jibge a sito a Dawanau kana jiran farashi. Kowace ƙasa tana da jerin ƙasashen da ta yarda a kawo mata nama daga can, a cikin kowace ƙasa kuma tana da jerin mayankun da ta amince da su ɗaya bayan ɗaya. In sunan Najeriya ko sunan mayankarka ba ya ciki, ko ragonka ya kai wane ragon kyau ba zai sauka ba.

Cire Turai daga lissafinka na farko. Cutar boru, wato ciwon baki da ƙafa, da annobar mura da zawo ta awaki da ake kira PPR, da ciwon huhu na shanu, duk suna nan a ƙasarmu, kuma su ne suka rufe ƙofar ɗanyen namanmu zuwa can. Inda ya fi dacewa a sa ido shi ne ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma. Habasha ta daɗe tana tura gangar jikin awaki da tumaki masu sanyi ta jirgin sama zuwa Dubai da Saudiyya daga mayankun garin Mojo, Kenya ma haka. Su ne abokan gogayyarka, kuma sun fi ka kusa da kasuwar.

Abin da za ka yi a wannan mataki: ka sa mai sayen ya turo maka sharuɗɗan ƙasarsa a rubuce, da samfurin takardar lafiyar da hukumarsu ke karɓa. In Saudiyya ce, hukumar abinci da magunguna ta SFDA ce ke amincewa da mayanka. Ka ɗauki takardun ka kai ofishin Babban Likitan Dabbobi na Ƙasa da hukumar NAQS mai killace dabbobi da kayan gona a shiga da fita ƙasa, ka tambaye su kai tsaye ko za su iya sa hannu a kan kowane layi da ke ciki.

Gargaɗi: ƙofa tana iya rufewa dare ɗaya. A shekarar 2000 Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga yankin Somaliya saboda zazzaɓin Rift Valley, ba ta ɗage wa Somaliya ba sai 2009. Kada ka ɗora duk jarinka a kan mai saye ɗaya, ka tanadi kasuwar gida da za ta kwashe kayan in aka samu tangarɗa.

2. Takardun kamfani

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka yi rajistar kamfani ko ƙungiyar gama-kai, ka samu lambar haraji, sannan ka nemi takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, ta intanet. Ka buɗe asusun kuɗin waje na fitar da kaya a bankinka. Kuɗin rajista yana canzawa, ka duba shi a shafin hukumar da kanka kafin ka ba wani ejan ko kwabo. Masu turke mutum goma ko ashirin su haɗu a ƙungiya ɗaya ya fi musu, domin mai saye na waje yana son adadi iri ɗaya kowane mako, mutum ɗaya da wuya ya iya.

3. Nemo mayanka kafin ka sayi ko ɗan akuya

Nan ne yawancin masu niyya ke tsayawa, gara kuma su tsaya a nan da su tsaya bayan sun kashe kuɗi. Yankan da muka saba a kwata, a daɓe, ana fiɗa a ƙasa ana jan ruwa da bokiti, yana ciyar da gari, amma mai duba na waje ba zai sa masa hannu ba. Abin da zai nema shi ne wurin hutun dabbobi mai inuwa da ruwa, layin rataye wanda nama ba ya taɓa ƙasa, rabuwar ɓangaren ƙazanta da na tsabta, ruwan zafi na wanke wuƙaƙe, likitan dabbobi na gwamnati da ke duba dabba kafin yanka da bayansa, ɗakin sanyi mai aiki dare da rana, da tsarin HACCP, wato tsarin kare abinci daga gurɓata a kowane mataki, a rubuce. Sai takardar halal, wadda dole ta fito daga ƙungiyar da ƙasar mai sayen ta amince da ita. Kasancewarmu Musulmi, mahaucinmu kuma yana bisimilla, bai wadatar a takarda ba.

Je ka da ƙafarka ka ga wurin ranar da ake aiki, ba ranar da aka share don baƙi ba. Ka tambayi kuɗin yanka kan kowace dabba, kuɗin kwana a ɗakin sanyi, da wanda zai ɗauki asara in janareta ya mutu tsakar dare. A rubuta wannan na ƙarshen a yarjejeniya.

4. Sayen dabbobi da killacewa

Kasuwannin an san su: Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, ga 'Yan Awaki a cikin gari. Sai dai idon da kake sayen ragon layya da shi ba shi za ka zo da shi ba. Masu saye a ƙasashen Larabawa sun fi son dabba mai ƙuruciya, marar kitse da yawa, kuma girmansu ya zo ɗaya. Balami mai ƙaho da ake alfahari da shi a Babbar Salla ba lallai ya shiga odarsu ba, sau da yawa jar akuya da 'Yankasa matsakaita sun fi dacewa. Buɗe bakin dabbar ka duba: in haƙoran nono ne duka a gaba, ba ta wuce shekara da 'yan watanni ba. Ka zo da sikeli mai rataye. Dillali zai ce maka “Alhaji, wannan ai a ido ma ka san ya kai,” ka biya shi la'adarsa, amma ka auna.

Duk wadda ke majina, ko hawaye, ko bayanta ya ɓaci da zawo, ko tana ɗingishi, bar ta ko da an karya maka farashi. Ka kuma taɓa cikinta. Akuyar da ta tashi tana yawo a bola takan tara leda a tumbi, tana ci ba ta ƙiba, sai ranar yanka a ciro dunƙulen leda. Mace mai ciki kada ta shiga cikin kayanka sam.

Da isowa gida, kowace dabba a sa mata ɗan kunne mai lamba, a rubuta kasuwar da aka sayo ta, ranar, sunan mai ita da nauyinta. Sababbi su zauna a keɓe aƙalla mako uku, da kwanon ruwansu da na abincinsu daban, kuma wanda ke kula da su ya gama da tsofaffin garke kafin ya shiga wurinsu. A wannan zaman ne likita zai yi allurar rigakafin PPR, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, NVRI, da ke Vom ke sarrafawa, ya ba da maganin tsutsar ciki da na hanta, a yi maganin kaska.

Gargaɗi: rigakafin da ya kwana a aljihun babur cikin rana ruwa ne kawai. Ka ga an ciro shi daga kula mai ƙanƙara da idonka, in an haɗa shi kuma a yi amfani da shi nan take.

5. Turke, ruwa da abinci

Kiwon turke da muka gada, a ɗaure rago da gajeriyar igiya wata uku a wuri ɗaya, shi ne abu na farko da mai duba zai ƙi. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, WOAH, ta tsara suna komawa ne ga abubuwa biyar: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishi, kada ta rasa wurin sakewa, kada a bar ta da ciwo, kada ta zauna cikin firgici, kuma ta samu yin ɗabi'arta. A aikace wannan yana nufin shinge maimakon igiya. Ka ba kowace akuya ko tunkiya fili kamar murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarƙashin rumfa, da ɗan fili a waje. Ka raba su bisa girma, domin babba yana hana ƙarami kai baki kwami, a ƙarshe ka samu rabin garke ya ƙoshi rabi ya rame.

Inuwa a Kano ba ado ba ce. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, rufin kwano mai ƙasa-ƙasa kuma yana ƙara shi. Ɗaga rufin, a shimfiɗa zana ko kara a kai, a bar iska ta ratsa. Ruwa ya kasance a gabansu kullum, ba sau biyu a yini ba, a kuma wanke kwamin kowace safiya.

Abinci duk namu ne na gida: harawar wake da ta gyaɗa, kowa, dusa, ƙaiƙayi, tunkuza ko 'ya'yan auduga, da gishirin lasa. Sayi harawa da kaka lokacin tana araha ka adana a sama inda ruwa ba ya taɓawa, domin abinci shi ne babban kashin kuɗin kiwo bayan kuɗin dabbar kanta. Dabbar da ta fito daga kiwon daji kada a tura mata dusa da hatsi a rana ɗaya, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, in ba haka ba ciki ya kumbura ta mutu kana kallo. Dusa zalla ba harawa tana kawo wa raguna da bunsuru tsakuwar mafitsara, sai ka ga dabba tana yunƙurin fitsari ba ya fita.

Gargaɗi: tunkuza ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin. Shinshina buhu, ka fasa dunƙulen ka duba cikinsa kafin ka biya.

6. Littafin magani

In an ce in zaɓi abu ɗaya da ke raba mai kiwon kasuwar gida da mai fitarwa waje, wannan zan zaɓa. Sayi babban littafi mai bango, ka ja layuka: rana, lambar dabba, abin da ke damunta, sunan maganin, yawan da aka ba ta, wanda ya ba ta, da ranar da maganin zai gama fita daga jikinta. Kowane kwalabar magani tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin yanka. Allurar oksitetrasaiklin mai daɗewa a jiki, wadda masu kiwo ke yawan yi, takan buƙaci kusan mako huɗu, ibamektin ma makonni yake ɗauka. Bi abin da ke jikin kwalabar da ke hannunka.

Na sha ganin ana yi wa dabbobi allura ana gobe za a kai su kasuwa wai don su yi kuzari. A nan gida ba mai gwadawa, mu ne muke ci da 'ya'yanmu, wannan kuma abin takaici ne a kan kansa. A can kuwa ana ɗiban samfur a kai ɗakin gwaji, in aka ga ragowar magani a gangar jiki ɗaya za a iya ƙone kayan duka a kuma cire sunan mayankar daga jeri, ka ja wa kanka ka ja wa wasu. Maganin ƙiba na kanti da ake zubawa a dusa, da maganin mutane da ake ba dabba, ka rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Tarayyar Turai ta hana amfani da maganin ƙwayoyin cuta don ƙara girman dabba tun 2006, manyan masu saye a wasu wuraren ma suna bin sahu.

7. Lodi da tafiya

Aikin wata uku yana iya lalacewa cikin awa ɗaya a nan. Kowa ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san yadda ake yi: a kama akuya ta ƙafar baya ɗaya a wurga ta sama, wani ya cafe ta kunne ya tura ciki, a danna har ba masaka tsinke, sannan 'yan rakiya su hau kan katako su zauna. Ba za ka ga illar ba sai an feɗe. A cinya da haƙarƙari za ka tarar da tabo baƙi-baƙi na jinin da ya kwanta, likita ya sa wuƙa ya yanke wurin ya jefar, gangar jikin da aka yanke wa gefe kuwa ta fita daga sahun na fitarwa.

Ka tanadi gangara ta katako mai ƙananan sanduna a gicciye don kada su zame, su hau da ƙafarsu. Sanda da bulala a ajiye su, tumaki suna bin na gaba, in ka ja ɗaya sauran za su bi. A zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasan motar. Akuya mai kilo 35 zuwa 55 tana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin uku na murabba'in mita, wato uku a kowane murabba'in mita, yadda in ta faɗi za ta iya tashi. Masu ƙaho daban, ƙanana daban. A yi lodi da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Ka yi magana da shugaban 'yan lodi tun kafin ranar, ka ƙara musu wani abu a kan kowace dabbar da ta sauka lafiya, wannan ya fi faɗa aiki. Ka karɓi takardar izinin tafiya daga malamin dabbobi, ka rubuta lokacin tashi da na isa.

8. Hutu da yanka

Dabbar da ta sauka daga mota a gajiye a firgice ta ƙone sukarin da ke tsokarta. In aka yanka ta a haka naman yana fitowa baƙi, a bushe, kuma yana saurin lalacewa. Masu saye suna gane wannan da na'urar auna pH, wato ma'aunin tsamin nama: bayan awa 24 lafiyayyen nama yana sauka wajen 5.5 zuwa 5.8, wanda ya tsaya a 6 ko sama ba zai jure tafiya ba. Saboda haka su kwana a wurin hutu, awa 12 zuwa 24, ruwa a gabansu, abinci kuma a ɗauke shi kamar awa 12 kafin yanka.

Sauran ƙa'idar mun riga mun karanta ta a makarantar allo da ta zaure. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya kyautata, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Wuƙa doguwa mai kaifi, ja ɗaya, ba a wasa ta a gaban dabba, ba a yanka wata a gaban wata, ba a jan ta a ƙasa, kuma ba a fara fiɗa sai rai ya gama fita. Mai duba na waje zai tsaya da takarda yana ƙirga sau nawa aka saɓa waɗannan.

Gargaɗi: wasu ƙasashen Musulmi sun yarda a sumar da dabba kafin yanka muddin tana da rai lokacin da wuƙa ta hau, wasu ba su yarda ba. Ka sa mai saye ya rubuta matsayinsa, ka kuma tambayi malaminka kafin ka karɓi odar.

9. Sanyi

Daga an gama wankewa sai ɗakin sanyi, a rataye ba tare da wata ta jingina da wata ba. Ɗakin ya tsaya tsakanin digiri 0 da 4, tsakiyar naman kuma ya sauka ƙasa da digiri 7 kafin a motsa shi. Mai sanyi kwanakinsa ƙalilan ne, hanyarsa jirgin sama ce, don haka kafin ka sa ranar yanka ka tabbatar da gurbin kaya a filin jirgin Malam Aminu Kano da kuma inda kayan za su jira in jirgi ya makara. Daskararre yana son digiri 18 ƙasa da sifili da kwantena mai firiza har tashar ruwa a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. In ta tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki za ka bi, wadda aka buɗe a 2023, tambayi yadda za a jona kwantenar da wuta yayin jira. Ka jefa ƙaramar na'urar da ke rubuta yanayin sanyi a cikin kayan, ita ce shaidarka in aka yi gardama a can.

10. Lissafi da takardun fita

Akuya mai kilo 30 a raye tana ba da gangar jiki kamar kilo 13 zuwa 15, tana kuma ɗan raguwa a ɗakin sanyi. A kan wannan kilon za ka raba komai: kuɗin dabba da la'ada, abinci, magani da likita, leburori, mota, yanka, wuta da dizal, ƙyallen naɗi, gwaji, takardar halal, ejan, kuɗin jirgi, da waɗanda suka mutu ko likita ya ƙi. In abin da ya fito ya haura farashin da mai saye ya faɗa, ka tsaya. Kai, ƙafa, kayan ciki da fata suna da kasuwarsu a nan, sau da yawa ma ribar a wurinsu take. Ka sani ɗanyar fata tana cikin kayan da aka hana fitarwa daga Najeriya, sai ka kai wa masana'antun jima na Challawa, Sharaɗa ko Bompai, su ma suna rage kuɗin fatar da ke da shatin bulala ko yankan wuƙa.

Kafin kaya su tashi za ka cike fom ɗin NXP, wato fom ɗin bayyana kayan fitarwa da kuɗinsu, ta bankinka, ka biya harajin NESS na duba kayan fitarwa, wanda yake rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimar kayan, masu duba kaya su ba ka takardar CCI mai shaida cewa an duba kayan ba matsala, ka haɗa da takardar lafiya ta likitan dabbobi, ta halal, ta asalin kaya, da ta NAFDAC in naman sarrafaffe ne kamar kilishi, sannan kwastam su sake. Lambobin da ke kan takardar lafiya su yi daidai da na littafinka harafi da harafi. Babban Banki yana buƙatar kuɗin su dawo asusunka cikin kwana 180.

Gargaɗi: sabon mai saye kada ka tura masa kaya bashi. Ko ya biya kaso mai tsoka tun farko, ko ya buɗe LC, wato takardar lamunin biya, ta bankin da bankinka ya yarda da shi. Kafin odar farko kuma ka gwada duk matakan nan a kan dabba ashirin ko talatin ka sayar wa otal ko babban kanti a Kano ko Abuja, ka auna pH, ka ƙirga tabo, ka ga kwana nawa naman ya yi bai canza ba. Sakamakon wannan gwajin, tare da hoton shafukan littafin maganinka, shi za ka fara tura wa mai saye na waje.